Daga Durban zuwa Ladysmith, a sawun mawaƙan da ba su da makaɗi

Duk wanda zai je Durban, a Afirka ta Kudu, don ya ji waƙar da Zulu ke kira isicathamiya, to ya tsara tafiyarsa yadda daren Asabar zai riske shi a garin, kuma ya yi barcinsa tun da rana. Ba a fara komai kafin goma na dare, ba a kuma tashi sai gari ya waye. Jirgi ya sauke ni a filin King Shaka, kimanin kilomita 35 arewa da gari, na kama masauki kusa da unguwar Grey Street, inda babban masallacin Juma'a na Indiyawa yake. Baƙo Musulmi ba ya wahalar abinci a nan, kuma titin Beatrice na kusa, inda zauren ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA ya yi shekaru da dama yana karɓar gasar mawaƙan. Yanzu titin na ɗauke da sunan Charlotte Maxeke, kuma an dace, don ita ma mawaƙiya ce kafin ta zama 'yar gwagwarmaya: tana cikin ayarin da ya je Ingila a 1891 ya yi wa Sarauniya Victoria waƙa.

Gasar ba wuri ɗaya ake yin ta ba. Akwai zaurukan barikokin 'yan ci-rani irin su Dalton da Glebelands, don haka sai an tambaya ina za a yi ta wannan makon. A kuma tafi da ɗan gari, a mota, ba a ƙafa ba.

Zauren da aka kai ni ba shi da wani ado. Kujerun roba ne a jere, da dandamalin katako a gaba, da fitilu masu farin haske. Babu ganga, babu molo, babu lasifika. Kashin farko na daren shi ne gwaji, wanda suke kira iprakthisa. Ƙungiyoyi na fitowa da kayan da suka zo da su daga gida, su yi waƙa yadda suka ga dama, su yi rawa da ƙarfi, mata su taso daga cikin 'yan kallo su rataya wa wanda ya burge su gyale ko su saka masa kuɗi a aljihu. A wannan lokacin ne mai son ya gane yadda aka gina waƙar zai matsa kusa, don idan an shiga gasa sosai ba a yarda kowa ya motsa.

Ƙungiya takan kama daga mutum takwas har zuwa ashirin, maza, kuma murya huɗu ce. Akwai bes, masu kaurin murya, su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai tena a samansu, sai alto, wanda namiji ne da ke matse muryarsa ta fito siririya, sai jagora. Ladysmith Black Mambazo, ƙungiyar da ta kai wannan waƙa duniya, a ganiyarta mutum goma ne: bes bakwai, tena ɗaya, alto ɗaya, da jagora Joseph Shabalala. Rabon yana da dalili. Siririyar murya ɗaya tana ratsa kaurara bakwai ta iso kunne ba tare da wahala ba, amma kaurin murya ba ya nisa sai an tara shi. In aka saka alto uku, sai su danne kowa, waƙar ta koma irin ta 'yan coci, nauyin da ake nema a ƙasa ya ɓace.

Kafin su fara kowace waƙa sai su yi da'ira, su sunkuyar da kai wuri ɗaya. Jagora ya ja sautin farko ta hanci, can ƙasa-ƙasa, bes su kama nasu, tena da alto su ɗora a kai, sai ya ji komai ya zauna sannan su warware su yi sahu. Wannan 'yar da'ira ita ce duk kayan saitin da suke da shi. In jagora ya ɗauko sautin sama da kima, alto zai shaƙe idan aka zo ƙololuwar waƙar. In ya ɗauko shi ƙasa, bes za su riƙa fitar da iska kawai ba murya. Na ga wata ƙungiya ta sake da'irarta bayan ta riga ta yi sahu, kuma gara haka da a fara a karkace, don ba a gyara shi a tsakiya.

Babbar cutar waƙar da ba kiɗa ita ce zamewa. A fara a wani sauti, a ƙare ƙasa da shi, ba wanda ya lura da lokacin da aka sauka. Abu uku ke kawo ta. Na farko gajiyar numfashi: ƙarshen jimla in iska ta ƙare, murya kan sunkuya kaɗan, jimla ta gaba kuma ta tashi daga inda waccan ta faɗi. Sai kuma ɗabi'ar maƙogwaro, wanda in zai sauka yakan wuce gona da iri, in zai hau yakan gaza kaiwa. Tun da waƙoƙin nan gajeren zagaye ne da ake maimaitawa sau da yawa, ɗan kuskuren yana taruwa. Na ukun ya fi muni, wato bes ɗaya mai ƙarfin murya ya zame, sauran shida su bi shi don shi suke ji, na sama kuma dole su bi bes. Shi ya sa a sahu ake sa wanda kunnensa ya fi kyau a tsakiyar bes, ba wanda ya fi amo ba. Numfashi kuma ba a shan sa tare. In sautin ya yi tsawo, wannan ya saki ya ja iska ya dawo a hankali yayin da na kusa da shi ke riƙe, sai mai sauraro ya ji kamar ba a taɓa yankewa ba.

Harshen ma yana da tarkonsa. Zulanci na rubuta wasula biyar kamar Hausa, kuma kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, wanda ke taimakon mawaƙi. Amma dole kowa ya buɗe baki daidai da na kusa da shi. In wani ya faɗi o a buɗe wani a tsuke, sautin zai yi dishi-dishi ko da kowa na kan daidai. Ga kuma baƙaƙen nan da ake ƙyasta harshe, waɗanda suke rubutawa da c da q da x. Mutum bakwai su ƙyasta q lokaci guda, sai ka ji tau ɗaya mai tsabta. In suka saɓa da ƙiftawar ido, sai ta fito a warwatse kamar an zubar da tsakuwa a faranti, kuma alƙali na ji.

Tsarin jagora da 'yan amshi ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, sai dai akwai bambanci. A wurinmu jagora kan kai aya sannan amshi ya shigo. A nan jagora na shigowa tun amshi bai ƙare ba, amshi ma ya shigo masa kafin ya dire, har ba ka iya nuna inda zagayen ya fara.

Wajen ƙarfe biyu na dare aka share dandamali. Shugabannin ƙungiyoyi suka biya kuɗin shiga, suka zari ƙuri'a daga cikin hula don a san wa zai fara. Mawaƙan suka ɓace, suka dawo cikin kwat iri ɗaya, da farar safar hannu, da takalma na ƙyalli, jagora kuma da kalar da ta bambanta shi. Aka ajiye wa alƙali tebur shi kaɗai a gaba, ya ba jama'a baya. A da, baƙon Bature ake tsinta a titi a roƙe shi ya zo ya yi alƙalanci, wanda bai san kowa ba, sau da yawa ko Zulanci ba ya ji, don kada a ce ya yi son kai. Yau masana waƙar ne ke yi, amma ƙa'idar tana nan: ba mai yi masa magana, ko fita zai yi sai an raka shi. Abin da yake dubawa shi ne haɗuwar muryoyi, da fitar kalmomi, da shiga, da yadda aka shigo aka fita. Kowace ƙungiya waƙa biyu ko uku take yi. A tsakani akwai gasar 'yan gayu, oswenka, masu fitowa ɗaya-ɗaya suna nuna kwat da agogo da safa ba tare da sun ce uffan ba. Kyautar mako yawanci kuɗi ne daga abin da aka tara, a manyan ranaku kuma akuya ko bargo, wani lokaci har saniya.

Takun shi ne abin da ya ba waƙar sunanta, don daga kalmarsu ta sanɗa aka samo shi. Suna tafiya a kan yatsun ƙafa, jiki a ɗan sunkuye, su ɗaga ƙafa sama har kusan kafaɗa, su sauke ta ba ƙara. Rawar Zulu ta karkara dukan ƙasa ce da dukkan ƙarfi. Wannan ita ce dai, amma an cire mata dirin. Ana yawan cewa leburori ne suka ƙirƙiro ta don kada su ta da masu gadin mahaƙar zinariya. Labarin na da daɗi, amma ni ban ɗauke shi duka ba, don yawancin mawaƙan nan ma'aikatan masana'anta ne da tashar jirgin ruwa da gidajen Turawa, kuma kafin shekarun 1960 waƙar ba ta da wani sanyi. A shekarun 1940 har suna kiran salon da sunan ruwan bama-bamai, saboda tsabar ihu. Wanda ya fi kowa ƙarfin murya shi ke ci.

Asalin abin ya haɗa jijiya uku. Akwai waƙoƙin biki da na rawa na karkarar Natal, yankin da Durban da Ladysmith suke. Akwai waƙar coci mai murya huɗu da 'yan mishan suka koyar a makarantu irin su Adams da Inanda. Akwai kuma baƙaƙen Amurka: Orpheus McAdoo ya sauka Cape Town a 1890 da ayarinsa na Virginia Jubilee Singers, suka yi kusan shekara biyar suna zagaya ƙasar tsakanin 1890 da 1898, mutane suka ga baƙar fata cikin kwat suna waƙa a manyan zauruka ana biyan kuɗi a gan su. Wanda ya ɗinke su wuri ɗaya shi ne Solomon Linda, mutumin yankin Msinga, ba nisa da Ladysmith. A 1939 shi da ƙungiyarsa Evening Birds suka ɗauki waƙar Mbube a kamfanin Gallo na Johannesburg, ta yi kasuwar da har sunanta ya zama sunan salon gaba ɗaya. Shi ake jingina wa yawaita bes da sa wa mawaƙa kwat iri ɗaya. Waƙar ta ƙetare teku ta yi wa wasu arziki, shi kuwa ya rasu a 1962 ba shi da komai, sai a 2006 aka yi sulhu da iyalinsa kan haƙƙinta.

Hanyar Ladysmith, garin da ƙungiyar Shabalala ta ɗauki sunansa, ita ce babban titin N3, kimanin kilomita 240, awa uku a mota in ba a tsaya ba. Ƙananan bas na haya ba sa tashi sai sun cika, kuma akwai shingayen biyan kuɗi a Mariannhill da Mooi River. Daga zafi da gumin bakin teku hanya ke ta hawa, ta wuce Pietermaritzburg da Howick da Estcourt, duwatsun Drakensberg na hagu. Wanda ya zo a Yuni ko Yuli ya riƙo rigar sanyi mai kauri. Abin da ya fi tsaya mini a ido shi ne waya. Gonaki ne da makiyaya masu faɗi, duk a kewaye, sai can a gefen tudu ka hango gidajen baƙaƙe a cunkushe. Dokar filaye ta 1913 ta bar wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, ta 1936 ta ɗaga shi zuwa kusan 13. Iyalai da yawa suka koma zama a gonar Bature, suna biyan zaman da aikin wata shida a shekara. A irin wannan gona kusa da Ladysmith Shabalala ya tashi yana kiwo da huɗa da shanu. Saurayi in ya gaji sai ya nufi Durban ko Johannesburg da takardar fas, wato izinin zama a birni, a aljihu, ya kwana a barikin maza zalla, matarsa da 'ya'yansa na ƙauye. Daga nan aka samu ƙungiyoyi na 'yan gari ɗaya, masu ɗaukar sunan garinsu, da waƙoƙin kewar gida da shanu da iyaye.

Ladysmith ƙaramin gari ne a bakin kogin Klip, wanda ya sha yi masa ambaliya. Zulu na kiransa Mnambithi. Sunan Turancin kuwa na matar gwamna Harry Smith ne, 'yar ƙasar Sifen. Yawancin baƙi don yaƙin Turawa suke zuwa, ƙawanyar kwana 118 da Buwa, wato Turawan ƙasar jikokin 'yan Holan, suka yi wa sojojin Ingila daga Nuwamba 1899 zuwa Fabrairu 1900, kuma gidan tarihinta na jikin zauren gari. Na leƙa na fito. Masallacin Soofie da ke gaɓar kogin ya fi cancantar a ɓata masa lokaci, fari fat da hasumiyoyinsa. Sashen da aka keɓe wa Ladysmith Black Mambazo a cibiyar al'adu ta garin bai kai girman sunansu ba, hotuna ne da 'yan kayayyaki, amma ya isa mutum ya bi tarihin daki-daki.

Shabalala ya tafi Durban a ƙarshen shekarun 1950, ya yi aikin masana'anta, ya yi waƙa da ƙungiyar Highlanders, sannan ya kafa tasa, Ezimnyama. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a 1964 ya yi wata shida yana mafarkin wasu mawaƙa na rera wani irin haɗin murya mai taushi da bai taɓa ji ba. Ko mutum ya yarda da mafarki ko bai yarda ba, abin da ya biyo baya a fili yake. Ya nemi ya koya wa mutanensa, suka kasa, don sun saba da ihu. Sai ya koma ga dangi: ƙannensa irin su Headman, da 'yan uwansa na gidan Mazibuko, ciki har da Albert da ya shigo a 1969. Sunan da suka ɗauka ya haɗa garinsu, da Black, wato baƙin bijimin da ya fi kowane ƙarfi a gona, da Mambazo, gatarin sare abokan gasa.

A ganina komawa ga dangi ita ce rabin nasarar. 'Yan gida ɗaya muryoyinsu kan yi kama, lafazinsu ɗaya, don haka matsalar wasulan nan ta ragu tun kafin a fara. Ƙane kuma yana jure wa wansa maimaita layi ɗaya har dare ya raba, abin da abokin aiki ba zai jure ba. Ba rubutu ake bi ba. Jagora ke rera wa kowace murya nata da baki, bes su haddace, sannan tena, sannan alto, sai a haɗa.

Sauran rabin shi ne rage murya. Mai ihu ba ya jin na kusa da shi, wanda ba ya jin na kusa da shi kuwa ba zai san ya zame ba. Da Shabalala ya sauke ƙarfin, sai kowa ya fara jin kowa, haɗin ya tsarkaka, aka kuma samu sararin hawa da sauka: a yi ƙasa har kamar raɗa, a taso gaba ɗaya, a yanke tsit lokaci guda. Waƙa a hankali ta fi ihu wuya, don tana cin iska a riƙe kuma ba ta ɓoye kuskure. Ya kuma cusa sautukan gona a ciki, irin karkarwar harshen da ake kora shanun huɗa da ita, ya mai da su kamar kiɗa a tsakanin jimloli. Abin ya dace da na'ura ma. Makirfo na wancan zamani ba ya ɗaukar ihun maza goma ba tare da ya fashe ba, amma wannan salo ya shige shi lafiya.

Suka yi ta cin gasa har aka hana su shiga, aka ce su zo su yi waƙa kawai a matsayin baƙi. Rediyon Zulu ya fara sa su wajen 1970, West Nkosi na kamfanin Gallo ya ɗauke su, faifansu na farko, Amabutho, ya fito a 1973 ya kai matsayin zinariya saboda yawan cinikinsa. A tsakiyar shekarun 1970 Shabalala ya rungumi Kiristanci, daga baya ya zama fasto, waƙoƙin coci suka yawaita a bakinsu. Sun fara fita waje a 1981, zuwa Jamus. Sai mawaƙin Amurka Paul Simon ya zo a 1985, ya kai su Landan suka yi aiki tare, faifan Graceland ya fito a 1986. An yi ta ce-ce-ku-ce, don Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasar takunkumin al'adu saboda wariyar launin fata, wasu na ganin an karya shi. Nasu faifan, Shaka Zulu na 1987, ya ci Grammy a 1988, ta farko cikin biyar. Ta ƙarshe a 2018 ce. A 1993 suka raka Nelson Mandela Oslo karɓar lambar Nobel, a 1994 suka yi waƙa a bikin rantsar da shi.

Ƙungiyar dangi tana da nata tsadar, don kowace mutuwa biyu ce, ta gida da ta sahu. A Disamba 1991 wani mai gadi farar fata ya harbe Headman a kan hanya kusa da Durban, kuma shi ne ginshiƙin bes. An kashe matar Shabalala, Nellie, a 2002, an kashe ƙanensa Ben a 2004. Cike gurbin bes ba neman mai kaurin murya ba ne kawai. Sai an sake zaunar da duka bakwai ɗin, a san wa zai tsaya kusa da wa, wa zai sha iska bayan wa. Shabalala ya yi maganin wannan tun da wuri ta hanyar shigo da 'ya'yansa huɗu a shekarun 1990, Thulani da Sibongiseni da Thamsanqa da Msizi, suka yi shekaru a sahu a bayansa kafin ya ajiye jagoranci a 2014. Ya rasu a Pretoria a Fabrairu 2020, aka kawo shi Ladysmith aka binne. 'Ya'yan ne ke riƙe da ƙungiyar, suna karɓa-karɓar jagoranci a kan dandamali maimakon mutum ɗaya ya gaje shi.

Na komo Durban ta hanyar da na bi. Wanda ba zai iya kwanan zaune a zauren bariki ba yana da wata dama: gidan wasa na Playhouse a tsakiyar gari na shirya babbar gasa sau ɗaya a shekara, inda ƙungiyoyi ke zuwa daga ko'ina cikin lardin da wajensa, har da na mata, waɗanda a da iyakarsu kujerar 'yan kallo. A can akwai makirfo da fitilu da kujeru masu laushi, sai dai makirfo na ƙara wa bes kaurin da ba nasu ba, ya kuma ɓoye wanda ya zame. Mai son ya auna ƙungiya da gaske ya nemi kujera a layi na uku ko na huɗu a ƙaramin zaure, daidai tsakiya, don a gefe muryar mutum ɗaya ce za ta cika masa kunne.